Rahotanni dubu a kan magani ɗaya: yaushe ne suke nuna haɗari na gaske?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen magunguna na wani babban asibitin jiha. Ana ta turo mana wani rubutu a WhatsApp mai cewa an samu dubban rahotannin illa a kan wani maganin hawan jini da muke bayarwa kullum, wai daga rumbun bayanai na Amurka aka ciro adadin. Wasu marasa lafiya har sun fara ƙin karɓarsa. Ta yaya masana suke tantance ko irin wannan alama gaskiya ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Yawan rahotanni shi kaɗai ba ya kama magani da laifi, ƙarancinsu kuma ba ya wanke shi. Duk aikin tantancewa a kan wannan yake tafiya, don haka bari mu fara da abin da rahoton yake nufi.

Rahoton illa zato ne da wani ya rubuta. Mutum ya sha magani, wani abu ya same shi bayan haka, sai likita ko nas ko mai harhaɗa magunguna ko shi majinyacin da kansa ya ce ƙila maganin ne. Fom ɗinmu mai ruwan ɗorawa na NAFDAC ma haka yake: ba a ce sai kin tabbatar ba, zato ya isa ki cike. Rumbun FAERS na hukumar abinci da magunguna ta Amurka, da VAERS na alluran rigakafi, kowa yana iya tura musu rahoto, kuma hukumomin da kansu sun rubuta ƙarara cewa kasancewar rahoto a ciki ba ya nufin maganin ne ya jawo abin. Da gangan aka buɗe ƙofar haka, domin gwajin da ake yi kafin a ba magani lasisi yawanci mutane 'yan dubbai ne ke shiga. Illar da ke samun mutum 1 cikin 10,000, sai an gwada maganin a kan kusan mutum 30,000 kafin a kusa tabbata za a ci karo da ita ko sau ɗaya. Masu ciki, jarirai, tsofaffi da masu ciwon ƙoda kuma galibi ba a sa su a gwajin. Duniya ta koyi wannan da tsada a kan thalidomide, wanda aka fara sayarwa a Jamus ta Yamma a 1957, aka janye a 1961 bayan an haifi jarirai kusan 10,000 da nakasar hannu da ƙafa. Daga nan Birtaniya ta kafa tsarin katinta mai ruwan ɗorawa a 1964, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin sa ido na ƙasa da ƙasa a 1968, wanda cibiyarsa take Uppsala a Suwidin tun 1978. Najeriya ta shiga a 2004. Rumbunsu, VigiBase, yana da rahotanni sama da miliyan 30.

To, adadin da aka turo miki yana da ramuka biyu manya. Na farko, ba a faɗa miki mutum nawa ne suka sha maganin ba. Rahoto 5,000 a kan maganin da mutum miliyan 50 suka shekara ashirin suna sha, da rahoto 50 a kan maganin da mutum 2,000 suka sha a shekara guda, na biyun ne ya fi tayar da hankali. Magungunan hawan jini suna cikin waɗanda aka fi rubutawa a duniya, masu shansu kuma yawanci manya ne da dama suke cikin haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, don haka dole rumbu ya cika da sunayensu. Rami na biyu yana jan abin ta ɗaya ɓangaren: mafi yawan illoli ba a kai rahotonsu. Wani nazari na 2006 da Hazell da Shakir suka yi, wanda ya tattara bincike 37 daga ƙasashe 12, ya samu cewa a tsaka-tsaki kashi 94 cikin 100 na illoli ba sa isa ga hukuma. Tunda adadin waɗanda illar ta samu bai cika ba, adadin waɗanda suka sha maganin kuma babu shi, ba yadda za a yi a fitar da “mutum kaza cikin dubu” daga irin wannan rumbu. Duk wanda kika ga ya yi haka, lissafinsa ya ɓaci tun daga tushe.

Abin da masana suke yi maimakon haka shi ne kwatanta rahotanni da rahotanni. A ce wani magani yana da rahoto 200 a rumbu, 20 daga ciki na ciwon shawara ne, wato kashi 10 cikin 100. Sauran magunguna duka a haɗe suna da rahoto 50,000, na shawara a cikinsu 1,000 ne, wato kashi 2. An ambaci shawara tare da wannan magani ninki biyar fiye da yadda ake ambatonta tare da sauran. Wannan ninkin shi ake kira PRR, yana da ɗan'uwa ROR da ake lissafawa kusan haka. Ƙa'idar da Evans da abokan aikinsa suka fitar a 2001, wadda har yanzu ake yawan bi, ta ce a ɗaga ido idan ninkin ya kai 2, rahotannin sun kai aƙalla 3, ma'aunin chi-square, wanda ke auna ko bambancin ya wuce na sa'a kawai, kuma ya kai 4. Cibiyar Uppsala tana amfani da wani ma'auni mai suna IC, Amurka kuma ta daɗe da EBGM. Amfanin waɗannan biyun shi ne suna danne ninkin idan rahotannin 'yan kaɗan ne, don kada rahoto biyu su haifar da ninki hamsin. Amma ki lura da kyau: ninki biyar yana nufin an fi kai rahoton abin sau biyar. Bai ce majinyaci ya fi shiga haɗari sau biyar ba. A 'yan shekarun nan mujallu sun cika da takardun da aka zazzage FAERS, aka buga ROR, aka rubuta kamar an gano haɗari. Da yawansu ba su karanta ko rahoto ɗaya ba, abin kuma yana damuna, domin daga irinsu ne rubuce-rubucen WhatsApp suke samun ƙafar tsayuwa.

Abubuwan da ke kumbura ninki ba tare da laifin magani ba suna da yawa, kuma nan ne mai tantancewa yake daɗewa. Babbansu ita ce cutar da aka ba da maganin dominta. Mai ciwon suga yana cikin haɗarin ciwon ƙoda ko ya sha magani ko bai sha ba, saboda haka kowane maganin suga zai fito da rahotannin ƙoda fiye da, a ce, maganin ƙaiƙayi. Gyaran shi ne a kwatanta shi da wani maganin suga, kada a kwatanta da rumbu gaba ɗaya. Akwai mai kama da wannan da ya fi shi wayo: mutum yana da ciwon daji a ciki bai sani ba, alamar farko ƙwannafi ne, ya je kemis aka ba shi omeprazole, bayan wata huɗu aka gano dajin. Rahoto zai nuna magani ya riga cuta, alhali cutar ce ta kira maganin. Sai kuma magungunan da ake sha tare. Mai tarin fuka yana haɗiyar huɗu a lokaci guda, uku daga ciki, isoniazid da rifampicin da pyrazinamide, duk suna iya taɓa hanta. Idan yana shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki da Septrin a kai, sunan kowannensu zai hau rahoto ɗaya.

Surutu ma yana ƙara rahoto. Da zarar gidan talabijin ya yi magana, ko hukuma ta fitar da gargaɗi, ko lauyoyi a Amurka sun fara tallar neman waɗanda za su shiga ƙara, sai rahotanni su yi tsalle, alhali babu abin da ya canja a jikin mutane. Shi ya sa nake duba ranakun da rahotannin suka shigo, in sake lissafin da waɗanda suka zo kafin labarin ya fasu kawai. Sabon magani ma ya fi tsoho samun rahoto. Wani mai bincike, Weber, ya lura da haka a 1984 a kan magungunan ciwon gaɓoɓi a Birtaniya, inda rahotanni suka kai ƙololuwa wajen ƙarshen shekara ta biyu sannan suka sauka, ko da yake ba kowane magani ne ke bin wannan salo ba. Sannan maimaici: majinyaci ɗaya, likita ya aika, kamfani ya aika, aka buga labarinsa a mujalla wasu kamfanoni uku masu irin maganin suka sake aikawa. Mutum ɗaya ya zama biyar. Uppsala har manhaja ta musamman ta ƙera, vigiMatch, don zaƙulo irin waɗannan.

Akwai kuma kuskuren da ke ɓoye gaskiya. Idan wani magani ya cika rumbu da wata illa, kamar yadda cerivastatin, maganin rage kitse a jini, ya yi da narkewar tsoka kafin a janye shi a 2001, sai “sauran magunguna” da ake kwatantawa da su su yi nauyi, ninkin wani magani mai laifi na gaske ya faɗo ƙasa da 2. Mai lura yakan cire wanda ya mamaye ɗin ya sake lissafi. Alama ta gaske takan tsaya da ƙafarta idan aka juya lissafin ta hanyoyi da dama: an cire maimaici, an ware maza da mata, yara da manya, ƙasa da ƙasa, rahoton ma'aikatan lafiya da na lauyoyi. Wadda ta fito daga ƙasa ɗaya a shekara ɗaya kawai, ina ɗaukarta da taka-tsantsan.

Duk wannan lissafi share fage ne. Ainihin aikin shi ne a zauna a karanta rahotannin ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda likita yake karanta fayil. Abin da na fi dubawa shi ne tazarar lokaci. Kowace illa tana da lokacinta: mummunan borin jini mai toshe numfashi cikin mintuna zuwa 'yan sa'o'i yake zuwa, salewar fata da baki da ido irin ta Stevens-Johnson, wadda muka sani da nevirapine da Septrin da Fansidar, yawanci tsakanin kwana 4 zuwa mako 4 da fara sha, hanta a kan isoniazid makonni zuwa watanni, ciwon daji shekaru. Idan rahotanni talatin suka taru a tazara guda da ta dace da yadda jiki yake aiki, wannan hujja ce mai nauyi. Idan sun warwatsu, wani kwana ɗaya, wani shekara uku, na fi zaton haɗuwa ce kawai. Daga nan sai a tambaya: da aka daina, abin ya lafa? Da aka koma sha, ya dawo? Tarin da maganin hawan jini lisinopril yake sawa misali ne mai tsabta: busasshen tari, a daina ya tafi cikin mako ɗaya zuwa huɗu, a koma ya dawo. Rahoto uku masu irin wannan bayani sun fi mini ɗari uku da ba su da kwanan wata. Sai dai ba a sake ba mutum magani da gangan don a gwada idan illar mai kisa ce. Wanda fatarsa ta taɓa salewa, shi da wannan magani har abada. Ana kuma duba ko abin yana ƙaruwa da yawan abin da aka sha, ko 'yan gidan maganin suna yin haka, ko akwai hanyar da za a iya bayyana shi a jiki, ko an bincika wasu dalilai kamar ciwon hanta na B, maleriya, giya, ko jiƙon gargajiya. Tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya yana da matakai shida, daga “tabbas” zuwa “ba ya tantantuwa”, akwai kuma tambayoyi goma na Naranjo na 1981. Suna taimakawa wajen daidaita tunani, amma yawancin rahotanni a “mai yiwuwa” suke ƙarewa, ƙwararru biyu kuma sukan saɓa a kan rahoto ɗaya.

Tambayar da aka fi mantawa ita ce: da ba a sha maganin ba, mutum nawa abin zai samu? Ki ɗauki rabon maganin rigakafin maleriya na damina da ake yi wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 a jihohinmu da Nijar da Chadi. Miliyoyin yara ne suke sha a mako guda, a daidai lokacin da zazzaɓi da gudawa da tamowa suka fi kisa. Ko ruwa zalla aka raba, za a samu yaran da za su yi jijjiga ko su rasu cikin kwana uku da sha. Uwar da ta rasa ɗanta ba ta yi laifi ba da ta zargi maganin, kuma wajibi ne a bincika kowane ɗaya. Amma hukunci a kan maganin sai an kwatanta abin da aka gani da abin da ake tsammani a irin wannan mako ba tare da shi ba.

A nan ne ake gane iyakar tsarin. Ya ƙware wajen kama abu mai wuyar samuwa, mai siffa ta daban, mai zuwa da wuri. A Amurka, rahoto 15 kacal na jarirai da hanjinsu ya shige cikin hanji suka sa aka dakatar da RotaShield, rigakafin gudawar jarirai, a Yulin 1999. Aka yi bincike na kwatanta waɗanda abin ya samu da waɗanda bai samu ba, ya tabbata, aka janye shi a Oktoba. A 2021, daskarewar jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa tare da faɗuwar ƙwayoyin da ke tsayar da jini ta fito fili bayan rigakafin korona na AstraZeneca: hukumar magunguna ta Turai ta duba mutum 62 masu daskarewar a jijiyoyin ƙwaƙwalwa da 24 masu ita a jijiyoyin ciki, cikin kusan miliyan 25 da aka yi wa allurar, ta amince akwai alaƙa a ranar 7 ga Afrilu. Haɗuwar waɗannan alamomi biyu ba abu ne da ake gani haka kawai ba, shi ya sa adadi kaɗan ya isa. Amma inda illar cuta ce da dama ta zama ruwan dare, tsarin kusan makaho ne. Dattijo mai ciwon gwiwa ya samu bugun zuciya, wa zai zargi maganin gwiwar? Rofecoxib, wato Vioxx, maganin ciwon gaɓoɓi mai ƙara haɗarin bugun zuciya, ya shekara biyar a kasuwa, gwaji na kwatanci ne ya sa aka janye shi a 2004.

Labarin da nake so kowane ma'aikacin lafiya a ƙasar nan ya sani shi ne na dolutegravir, tunda shi ne ƙashin bayan maganin da yawancin masu cuta mai karya garkuwar jiki suke karɓa a asibitocinmu. A Mayun 2018 binciken Tsepamo a Botsuwana, wanda ke duba jarirai a ɗakunan haihuwa, ya samu 4 masu nakasar laka ko ƙwaƙwalwa cikin 426 da iyayensu mata suka ɗauki ciki suna shan maganin, kusan kashi 0.9 cikin 100, alhali a sauran magunguna kusan 0.1 ne. Wannan ma ya fi rahoton zato ƙarfi, don an san adadin duk waɗanda suka sha maganin. Aka yi gargaɗi, ƙasashe da dama suka hana mata masu shekarun haihuwa maganin da ya fi inganci. Da haihuwa ta ƙaru, a 2019 ya zama 5 cikin 1,683, kashi 0.3, zuwa 2022 ya sauko kusan 0.1, daidai da sauran. Masu binciken sun yi daidai da suka faɗa da wuri, domin da abin ya tabbata, shiru zai zama zalunci. Amma mata da yawa sun biya kuɗin wannan tsoro, kuma mutum huɗu adadi ne da sa'a kaɗai take iya haifarwa. Shi ya sa matakin da ake ɗauka kafin tabbaci yake bukatar awo: munin illar, ko akwai madadin da ya kai shi, da abin da zai samu mutum idan ya daina.

Wannan ya shafi marasa lafiyarki kai tsaye. Mai hawan jini da ya ajiye magani saboda saƙon waya ya ɗauki haɗarin da aka sani, shanyewar ɓarin jiki da lalacewar ƙoda, don gudun wanda ba a tabbatar ba. Ki duba takardar da ke cikin kwalin. Sau da yawa illar da ake yayatawa an daɗe da saninta, an rubuta ta. Ki duba ko NAFDAC ko Hukumar Lafiya ta Duniya sun fitar da sanarwa. Ki tambayi kowannensu ko shi yana jin wani abu, wanda yake ji a haɗa shi da likita a canja masa, tunda magungunan hawan jini gida-gida ne. Wanda leɓensa ko harshensa ya kumbura a kan lisinopril ko ɗan gidansu, wannan na gaggawa ne, kuma an san ya fi samun baƙar fata.

Wannan batu na baƙar fata yana da faɗi, domin rumbun Amurka jikin Amurkawa da yanayinsu yake nunawa. Zuwa 2015, rahotannin Afirka duka ba su kai kashi 1 cikin 100 na VigiBase ba. Ivermectin da ake rabawa don makantar bakin kogi magani ne mai sauƙi ga yawancin mutane, amma a dazukan Kamaru, a shekarun 1990, aka ga yana jefa masu tsutsar Loa loa da yawa a jini cikin suma, wasu har su rasu. Lapdap na maleriya an janye shi a 2008 saboda yana fasa jinin masu ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a cikinmu. Babu rumbun Turai da zai nuna miki waɗannan.

Muna kuma da tambayar da su ba su cika yi ba: shin abin da ke cikin kwalbar shi ne abin da aka rubuta a jikinta? A 1990 yara 47 suka rasu a Jos bayan shan ruwan paracetamol da aka haɗa da gubar diethylene glycol. A 2008 zuwa 2009 maganin haƙoran jarirai My Pikin ya kashe aƙalla 84 da guba iri ɗaya. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya a kan magungunan tari da aka shigo da su daga Indiya. Paracetamol ba shi da laifi a Jos, kuma babu lissafin PRR da zai kama wannan. Likitocin yara ne suka ga yara suna zuwa a jere fitsari ya ɗauke, suka tambayi iyaye me aka ba su, ɗakin gwaji ya tabbatar. Idan kika ga illa ta taru a gari ɗaya, a wata ɗaya, a kan tsohon maganin da aka sani, ki fara zargin kamfani da rukunin da aka sarrafa, ko jabu, ko ajiya a zafi, ko kuskuren awo. A irin wannan hali ba a jiran adadi ya taru, yara biyu ko uku sun isa a ɗaga waya.

Saboda haka idan za ki cike fom, ko ki aika ta manhajar Med Safety da NAFDAC ta ƙaddamar a 2020, ki sa ranar da aka fara sha, ranar da illar ta fara, ranar da aka daina da abin da ya biyo baya. Ki rubuta shekaru da nauyi, ko akwai ciki, sunan kamfani da lambar rukuni da ke jikin kwalin, da duk abin da mutum yake sha, har na kemis da jiƙo da tsimi da maganin basir, waɗanda ba zai faɗa ba sai kin tambaya cikin ladabi kuma ba a gaban jama'a ba. Idan sakamakon gwajin hanta ko ƙoda ya fito daga baya, ki aika shi a matsayin ƙari a kan rahoton farko, kada ki buɗe sabo. In kina zargin ingancin maganin ne, ki karɓi ragowar kwalbar ki adana, ki ware sauran rukunin daga wurin ajiyar magunguna, ki sanar da shugaban sashe da ofishin NAFDAC na jiharku a ranar.